Gidan Esterházy da Sunayen Garuruwansa

Zuriyar Esterházy na ɗaya daga cikin manyan gidajen sarauta na ƙasar Hangari. Tushensu garin Galánta ne, shi ya sa ake jingina sunansu da shi, a ce Esterházy na Galánta.

A shekarar 1622 Miklós Esterházy, wanda ya riƙe amanar sarakunan Habsburg, ya sami garin Kismarton da fadar Fraknó. Ɗansa Pál ya zama yarima a 1687. A ƙarni na 18 kuma aka gina katafariyar fadar Eszterháza, inda makaɗin nan Joseph Haydn ya yi wa gidan hidima.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka sake shata iyakokin Hangari. Galánta ta faɗa Cekosulobakiya, yau kuwa tana Silobakiya. Kismarton da Fraknó suka koma Ostiriya a 1921, inda ake kiransu da sunayensu na Jamusanci, wato Eisenstadt da Forchtenstein. A 1945 aka ƙwace filayen gidan da ke Hangari, sannan a 1950 gwamnatin kwaminisanci ta sauya sunan Eszterháza zuwa Fertőd. Da wannan sauyi sunan zuriyar ya fita daga taswirar ƙasar.