Tarihin Dokokin Kula da Magunguna

Dokokin kula da magunguna su ne ƙa'idojin da hukuma ke shimfiɗawa a kan wanda zai haɗa magani, da gwajin da za a yi masa kafin ya shiga kasuwa, da abin da za a rubuta a jikin kwalinsa, da kuma wanda aka yarda ya sayar ko ya bayar da shi. Manufarsu ita ce maganin da ya iso hannun mara lafiya ya zama mai inganci, mai aiki, wanda amfaninsa ya rinjayi illarsa. Galibinsu ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma kusan kowace babba daga ciki sai da aka yi asarar rayuka sannan aka rubuta ta.

A Amurka aka fara ganin haka ƙarara. Dokar 1906 ta hana gauraya magani da algus da yin ƙarya a takardar jikinsa, amma ba ta tilasta wa kowa gwada shi ba. A 1937 kamfanin Massengill na jihar Tennessee ya so ya mayar da salfanilamaid, maganin ƙwayoyin cuta da ake yayi a lokacin, ya zama na ruwa don yara su iya sha. Mai haɗa musu magani ya narkar da shi a cikin dayetilin gilaikol, wani ruwa mai zaƙi-zaƙi mara launi da ake sa wa a man birki. Aka duba ƙamshi da ɗanɗano, ba a gwada shi ko a kan ɓera ba. Mutum fiye da 100 suka mutu, yara da yawa a ciki, duk ta hanya ɗaya: amai, ciwon ciki, sai fitsari ya ɗauke saboda ƙoda ta daina aiki. Abin takaici, laifin da doka ta iya kama kamfanin da shi bai wuce na saka wa maganin sunan da bai dace ba. A 1938 aka yi sabuwar doka da ta ce sai an nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar.

Sai talidomaid, wanda ya fito a Jamus ta Yamma a 1957, ana ba masu juna biyu don barci da laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Amurka ta kusan tsira gaba ɗaya saboda wata jami'ar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu tana neman ƙarin hujja. Daga nan dokar 1962 ta ƙara sharaɗin a tabbatar magani yana yin aikin da aka ce yana yi. Ingila ta fito da katin rawaya na kai rahoton illar magani a 1964, sannan dokar magunguna ta 1968.

Nijeriya tana da dokar abinci da magunguna tun 1974, sai dai aiwatar da ita yana hannun wani sashe na Ma'aikatar Lafiya mara ƙarfi. A 1990 ruwan nan da ya yi ɓarna a Amurka ya ɓullo a cikin farasitamol na yara, an sayar da shi a matsayin sinadarin da ya halatta saboda ya fi araha. Yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan. Wannan na cikin dalilan kafa hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da dokar soja mai lamba 15 ta 1993. Shekarun farko ba su canza abubuwa sosai ba. A 1995 an gano jabun allurar rigakafin sanƙarau a Nijar cikin kayan da suka shiga daga Nijeriya, a 1996 kuma kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a kan ko iyaye sun san gwaji ake yi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75.

Hukumar NAFDAC ta yi haƙora ne a zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008. Ita kanta jabun insulin ya kashe mata 'yar'uwa a 1988. Ta riƙa ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, ta rufe manyan kasuwannin magani irin ta Onica, ta kuma sa mutanen gari suka koyi duba lambar NAFDAC kafin su biya kuɗi. A Disambar 2003 aka harbi motarta a jihar Anambra, harsashi ya huda ɗankwalinta. Duk da haka a 2008 maganin fitar haƙora My Pikin ya kashe yara 84 a Legas da Kaduna da wasu jihohi, da wannan guba dai. Rajistar magani sau ɗaya ba ta hana a canza sinadari a rukunin da aka haɗa daga baya.

A 2010 aka kawo tsarin kankare lambar jikin kwali a tura ta waya don tantancewa. A 2018 aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa NAFDAC a mataki na uku na ƙwarewa. A 2022 ɗin ce kuma magungunan tari daga Indiya suka kashe yara kimanin 70 a Gambiya.

A mafi yawan waɗannan musibu ma'aikatan asibiti ne suka fara lura cewa yara na zuwa da matsala iri ɗaya. Shi ya sa ake koya wa ɗaliban aikin jinya duba suna, lambar rajista, lambar rukuni da ranar lalacewar magani kafin su bayar, su kuma tambayi uwa abin da aka ba yaro a gida ko a kyamis. Duk illar da aka zarga ana rubuta ta a fom mai launin rawaya na NAFDAC, kuma ba sai an tabbatar maganin ne ya jawo ta ba kafin a aika.