Gadon Kotso a Gidan Ɗanƙwairo

Musa Ɗanƙwairo Maradun a gida ya tarar da kiɗa. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne. Yayansa Abdu Kurna ya ja ragamar ƙungiyar kafin shi. 'Ya'yansa kuma suka tsaya bayansa suna amshi. A da, waƙar fada takan ƙare inda aka rera ta, sai abin da magada suka haddace. Kafuwar gidan rediyon Kaduna a 1962 da yaɗuwar kaset suka adana muryoyin gidan kamar yadda suka fito a gaban sarakuna. Da ya rasu a 1991, gadon ya ƙara nauyi: duk ɗan da ya ɗauki kotso, da muryar uban ake auna shi.