Rana Plaza: ranar da bango ya tsage amma aka ce a koma aiki

Yau za mu je ƙasar Bangaladesh. In kana sayen gwanjo, ka duba wuyan rigarka, ba mamaki ka ga sunan ƙasar a rubuce, domin tana sahun gaba a duniya wajen ɗinka tufafin da ake kai wa Turai da Amurka.

A garin Savar, kusa da Dhaka babban birnin ƙasar, akwai wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza, mallakar wani ɗan siyasar yankin mai suna Sohel Rana. A ƙasa akwai banki da shaguna, a sama kuma masana'antun ɗinki guda biyar. Tun asali an zana ginin ne don shaguna da ofisoshi, ba don ya ɗauki dubban mutane da kekunan ɗinki da manyan janareto ba. Hawa na sama-sama ma ba da izini aka ƙara su ba.

Ranar 23 ga Afrilu, 2013, aka ga ginin ya tsage. Aka fitar da mutane, injiniya ya zo ya duba ya ce akwai haɗari. Banki ya rufe, masu shaguna suka rufe. Shi kuwa mai ginin ya fito ya ce babu wata matsala. Washegari da safe ma'aikatan ɗinki, yawancinsu mata, suka taru a waje suna jin tsoron shiga. Aka yi musu barazanar riƙe albashin wata. To, ka tuna mafi ƙarancin albashi a lokacin taka 3,000 ne, bai kai dala 40 ba. Wadda kuɗin hayarta da abincin 'ya'yanta ke cikin wannan ɗan abin, da wane baki za ta ce a'a? Haka suka shiga. Wajen ƙarfe tara saura aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, ba a jima ba ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, kusan 2,500 suka jikkata. An ciro wata matashiya da rai bayan kwana 17 a ƙarƙashin ɓaraguzai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar bankin nan. Tsagewa ɗaya kowa ya gani, amma ma'aikacin banki ya kwana a gidansa, mai ɗinki kuwa ta mutu. Bambancin kawai, ɗaya yana da ikon ƙin shiga, ɗayar ba ta da shi.

Kuma kada wani ya ce ai babu doka ne. Akwai dokar ƙwadago ta 2006, akwai ƙa'idar gine-gine. Watanni biyar kafin nan, a Nuwamban 2012, gobara ta kashe mutum sama da 110 a masana'antar Tazreen, a ƙasar dai. Doka tana nan a takarda, sai dai masu duba masana'antu ƙalilan ne, masu masana'antun kuma suna da ƙarfi a siyasa. Manyan kamfanonin waje su ma suna turo nasu masu bincike, amma su suke biyansu, rahoton kuma ba ya tilasta wa kowa gyara komai.

Bayan ruftawar, a cikin ɓaraguzai aka riƙa tsintar tambarin kamfanoni irin su Primark da Benetton. Kunya ta kama su, matsin lamba ya yi yawa. A watan Mayu na 2013 aka sa hannu kan wata yarjejeniya ta kariya daga gobara da rushewar gini, tsakanin kamfanonin tufafi da ƙungiyoyin ƙwadago, ciki har da IndustriALL da UNI. Daga baya kamfanoni sama da 200 suka shiga, ta shafi masana'antu sama da 1,600 da ma'aikata kimanin miliyan biyu.

Me ya bambanta ta da alkawuran baya? Tana da haƙori. Kamfanin da ya sa hannu ya saɓa, ana iya kai shi gaban masu sasanci a hukunta shi. Injiniyoyi masu zaman kansu ne ke dubawa, a wallafa sakamakon kowa ya gani. Masana'antar da ta ƙi gyara, a daina ba ta kwangila. Sannan an rubuta ƙarara cewa ma'aikaci yana da 'yancin ƙin aiki a wurin da ya ga haɗari ba tare da an taɓa albashinsa ba. Aka cire ƙofofin ƙarfe da ake garƙamewa, aka gyara wayoyin lantarki, aka sa ƙofofin da ke tare wuta. Walmart da Gap dai ba su shiga ba, suka kafa tasu daban mai sauƙin sharuɗɗa. Gwamnati kuma ta gyara dokar ƙwadago, albashi ya koma taka 5,300. Asusun diyya na dala miliyan 30 sai a 2015 ya cika.

Amma yarjejeniyar iyakarta masu ɗinka wa Turawa. Wanda ke aiki a masana'antar da ke sayar wa 'yan ƙasa, babu mai saye daga Landan da zai ji kunya a kansa, sai dai ya dogara da jami'in gwamnati. A Yulin 2021 gobara ta tashi a masana'antar abinci da lemo ta Hashem Foods a Rupganj, ta kashe mutum sama da 50, cikinsu har da yara. Masu kashe gobara sun ce sun tarar da ƙofar fita a kulle.

Shi kuwa Sohel Rana, kwana huɗu bayan ruftawar aka kama shi a kan iyakar Indiya. A 2017 aka ɗaure shi shekara uku, amma kan laifin ƙin bayyana dukiyarsa ne. Shari'ar kisan mutum 1,134 ɗin kuwa, shekara goma bayan abin ya faru ba a yanke hukunci ba.