Kyautar Annie: Gidan da Masu Katun Suka Gina wa Kansu

A watan Fabrairun 2023 aka yi bikin kyautar Annie karo na 50 a zauren Royce Hall na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Duk wanda ya taso yana kallon katun ya kamata ya san tushen wannan biki, domin mace ɗaya ce ta assasa shi, mace da miliyoyin mutane suka san muryarta ba su san fuskarta ba.

June Foray ke nan, wadda ta ara wa kuregen nan Rocky murya, kuma ita ce muryar tsohuwar da ke kiwon tsuntsu Tweety. Ta daɗe tana ganin yadda ake shagalin ba da kyaututtuka a Hollywood, masu zane kuwa ko gayyata babu. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa sunkuye a kan tebur, yana zana hoto bayan hoto don sakan ɗaya na dariya, ya tsufa ba wanda ya ce masa sannu. Abin ya tsaya mata a rai. A 1972, ƙarƙashin ƙungiyar masu katun ta ASIFA-Hollywood, ta shirya walimar cin abincin dare a Sportsmen's Lodge, aka karrama 'yan'uwan nan biyu, Max da Dave Fleischer, waɗanda suka kawo Betty Boop da Popeye kan allo. A shekarar ce Max ya rasu. Mijinta, Hobart Donovan, shi ya raɗa wa kyautar suna. Siffar kambun ma daga cikin sana'ar aka ɗauko ta: wata 'yar ganga ce mai tsage-tsage, irin wadda in aka juya ta aka leƙa, sai hotunan ciki su kama motsi.

Shekaru ashirin na farko, dattawan sana'a kawai ake karramawa. Sai 1992 aka buɗe fagen gasa, kuma a ganina nan ne Annie ta zama abin da take a yau. An yi dace, domin lokacin The Simpsons na Matt Groening, wanda ya fara a tashar Fox a Disamban 1989, yana tashensa. Shi ya ɗauki kambun shirin talabijin a 1992, ya kuma ci gaba da ɗauka a shekarun da suka biyo baya. Ba a manta ba, Emmy, kyautar shirye-shiryen talabijin, ta ba shi kambun katun tun 1990. Amma da masu shirin suka shigar da shi sahun wasannin barkwanci na 'yan wasa a 1993 da 1994, ko cikin jerin 'yan takara bai shiga ba. A gidan Annie kuwa, ba wanda ya buƙaci a yi masa bayanin cewa Homer da Marge, taurarin shirin, na manya ne, kuma rubutunsu ya kai na kowa.

An samu 'yar tangarɗa a 2010, sa'ad da Disney da Pixar suka janye saboda ƙorafi kan waɗanda ke kaɗa ƙuri'a. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Aka gyara ƙa'idojin zaɓe, suka dawo a 2011.

Yau Annie tana duba abin da wasu ba su kulawa da shi: mai tsara labari a zane, mai ƙirƙirar kamannin jarumi, mai kiɗa, mai murya, har ɗalibin da ya yi ɗan gajeren fim a makaranta, kowa da rukuninsa. Shi ya sa nake jin haushi idan aka kira ta ƙaramar kyauta. A dubi BoJack Horseman na Netflix, shirin barkwanci da ya taɓo shaye-shaye da ciwon damuwa ba tare da kwana-kwana ba. Sau biyu ya shiga takarar katun a Emmy, a 2019 da 2020, ya fito hannu rabbana. A waɗannan shekaru biyun, Annie ta miƙa masa kambun shirin talabijin na manya.