Tarihin Kicin Ɗin Zamani: Yadda Ƙirga Taku Ya Haifi Tsarin Da Muke Kwaikwayo

Yau za mu ɗan ajiye maganar saitin waya mu leƙa kicin, amma ka riƙe wayarka kusa, za ta yi mana aiki a ƙarshe.

Idan kana gini, ko kana gyaran gidan da amarya za ta tare, na san ka tara hotunan kicin a wayarka: kabad jere a jikin bango, doguwar kanta mai sheƙi, famfo a ƙarƙashin taga. Ka tura wa kafinta ta WhatsApp ka ce irin wannan nake so. To ka sani, wannan tsarin yana da tarihi, kuma ba daga ado ya faro ba. Wasu mata ne suka zauna da agogo da tef ɗin awo suna ƙirga taku nawa mai girki take yi kafin abinci ya sauka. In ka kwafi hoton ka bar lissafin, aljihunka zai biya sau ɗaya, ita kuma mai girkin bayanta da ƙafafunta za su yi ta biya shekara da shekaru.

KAFIN A FARA ƘIRGA

A ƙarni na 19, kicin a Turai da Amurka ɗaki ne kawai da aka zuba wa kaya. Murhun kwal ko na itace a wannan bango, teburi a tsakiya, kabad ɗin kwanuka a can gefe, ruwa kuma a gidaje da yawa sai an ɗebo. Masu kuɗi ba su damu ba, tunda 'yan aiki ne ke kai-komon. Talakan birni kuwa a ɗaki ɗaya ake girki, a ci, a yi wanki, wani lokacin har a kwana.

A 1869 wata malama 'yar Amurka, Catharine Beecher, tare da ƙanwarta Harriet Beecher Stowe, suka fitar da littafi a kan tafiyar da gida. A ciki suka kawo misali da kicin ɗin jirgin ruwa: wuri ɗan ƙarami, amma kuku yana ciyar da jama'a masu yawa, saboda duk abin da yake nema da taku ɗaya ko biyu ya kai gare shi. Sai suka zana kicin mai kanta guda miƙaƙƙiya a ƙarƙashin taga, wurin jera kaya a sama, mazubin gari a ƙasa. Ka ji inda kantar nan ta samo tushe.

DAGA MASANA'ANTA ZUWA MURHU

A 1911 wani injiniya, Frederick Taylor, ya fitar da littafinsa a kan tsara aiki a masana'antu. Shi dabararsa ita ce ya tsaya a kan ma'aikaci da agogo mai ƙirga daƙiƙa, ya raba aikin gida-gida, ya cire duk motsin da ba shi da amfani. A wannan zamanin kuma akwai Frank Gilbreth, wanda ya fara rayuwa a matsayin birkila. Ya lura magini yana motsi har 18 kafin ya ɗora bulo ɗaya, galibi sunkuyo da miƙewa. Da ya ɗaga bulon da kwaɓin zuwa daidai hannu, motsin ya dawo kusan 5. Shi da matarsa Lillian har kyamarar fim suke kafawa, da agogo a cikin hoton, don su ga inda lokaci yake zurarewa.

Sai wata matar aure, Christine Frederick, ta ce in dai wannan lissafin ya yi wa magini amfani, me zai hana shi yi wa mai girki? Daga 1912 ta fara rubutu a wata mujallar mata a Amurka, kuma ta mayar da kicin ɗin gidanta wurin gwaji. Ta riƙa zana taswirar kicin tana jan layi a duk inda ƙafa ta bi. A kicin marar tsari layukan sun harɗe kamar saƙar gizo. Ta ce aikin kicin hanya biyu ne: hanyar haɗa abinci, daga ma'ajiya zuwa kanta zuwa murhu zuwa wurin ci, da hanyar kwashewa, daga wurin ci zuwa wanke-wanke zuwa kabad. Kada ɗaya ta ratsa ɗaya. Ta kuma dage a kan tsawon teburin aiki ya dace da tsawon mai aikin. A farkon shekarun 1920 aka fassara littafinta zuwa Jamusanci, kuma daga nan labarin ya tsallaka teku.

KICIN ƊIN FRANKFURT, 1926

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ta shiga matsalar ƙarancin gidaje. A 1925 birnin Frankfurt ya ɗora wa wani mai zanen gine-gine, Ernst May, aikin gina dubban gidajen haya masu sauƙin kuɗi domin ma'aikata. Gidajen ƙanana ne, don haka kowane taku na fili kuɗi ne. A 1926 ya kirawo wata matashiya daga Vienna, Margarete Lihotzky, wadda daga baya aka fi sani da Schütte-Lihotzky. An haife ta a 1897, kuma tana cikin matan farko da suka yi aikin zanen gine-gine a Ostiriya.

Ita da bakinta ta faɗa cewa kafin wannan aikin ba ta taɓa riƙe gida ba, ba ta da gogewar girki. Abin da ta dogara da shi shi ne rubuce-rubucen su Taylor da Frederick, da awon lokaci, da kuma kicin ɗin taragon cin abinci na jirgin ƙasa, inda ake ciyar da fasinjoji daga wani ɗan lungu.

Kicin ɗin da ta fitar faɗinsa mita 1.9 ne, tsawonsa mita 3.4. Ka auna a tsakar gidanku ka gani, ƙarami ne sosai. Amma dubi abin da ta shirya a ciki. Taga a ƙarshen ɗakin, teburin aiki a ƙarƙashinta saboda haske, da kujera mai juyawa wadda ake ɗagawa a sauke, don a yi yanke-yanke a zaune. A bakin teburin akwai 'yar durowa da ake share ɓawo a ciki. Wurin wanke-wanke a gefe, da katakon kife faranti a samansa, ruwan ya tsane da kansa ba sai an goge ba. Fitila tana tafiya a kan ƙarfe a jikin rufi, ka ja ta inda kake aiki. Allon guga a manne da bango, a sauke in za a yi amfani da shi. Ga jerin mazubai na alminiyom masu mariƙi, kowanne da sunan abin da ke ciki, shinkafa, sukari da sauransu, ka zaro ka zuba kai tsaye a tukunya. Mazubin gari da wani katako aka yi shi wanda tsutsa ba ta so. Kusa da murhu akwai akwati mai riƙe zafi, a sa tukunya bayan ta tafasa ta ƙarasa nuna ba tare da an ƙona makamashi ba. Har fenti sai da aka yi wa lissafi: an shafa shuɗi mai ratsin kore, saboda a lokacin an yi imani ƙuda ba ya son launin. Firij kuwa babu, don bai zama kayan kowa ba tukuna.

An yi irin wannan kicin kusan 10,000 a Frankfurt daga 1926 zuwa 1930, ana ƙera kayansa da yawa lokaci guda don farashi ya sauka. Shi ake ɗauka a matsayin kakan kicin mai kabad a manne da bango da ya cika duniya yau, har an ajiye samfurinsa a gidajen tarihi a Landan da New York. Ita kuma mai zanen ta yi tsawon rai. 'Yan Nazi sun ɗaure ta daga 1941 zuwa 1945 saboda ta shiga gwagwarmaya da su, ta rasu a Janairun 2000, saura kwanaki ta cika shekara 103.

INDA LISSAFIN YA GAZA

Nan ne fa darasin yake. Da mutane suka tare, ƙorafi ya fara fitowa. Kicin ɗin na mutum ɗaya ne, in biyu suka shiga sai gogayya. Uwa tana ciki, yara suna wani ɗakin, ga shi a da a kicin iyali suke zama ana girki ana hira. Mazuban alminiyom ɗin suna ƙasa-ƙasa, daidai hannun ƙananan yara. Sunayen da aka rubuta a jikinsu kuma ba lallai su dace da abin da gidan yake ci ba, sai ka ga an zuba wani abu daban. A shekarun 1970 masu fafutukar 'yancin mata suka soki tsarin, suka ce ya killace mace ita kaɗai a ɗan akurki. An auna hannu da ƙafa daidai, amma yadda iyali suka saba rayuwa bai shiga awon ba.

KUSURWA UKU

A Amurka kuma, bayan rasuwar Frank Gilbreth a 1924, Lillian ta juya ga aikin gida. A 1929 ta nuna wani tsarin kicin da ta yi wa wani kamfanin gas, inda kayan aiki suke kewaye da mai girki. Da aka gwada haɗa kek iri ɗaya a tsohon tsari da sabon, taku ya sauko daga 281 zuwa 45. Ita ake danganta wa kwandon shara mai buɗewa da ƙafa da kantocin jikin ƙofar firij.

A shekarun 1940 masana a Jami'ar Illinois suka mayar da wannan tunani ƙa'ida: murhu, wurin wanke-wanke da firij su zama kusurwa uku. Tsakanin kowane biyu kada ya gaza kamar mita 1.2, kada ya wuce mita 2.7, jimilla kuma kada ta haura kusan mita 8. Sannan kada hanyar wucewar mutanen gida ta ratsa tsakiya. Har gobe da wannan ake koyar da masu tsara kicin.

TO MU FA?

Hotunan da ke wayarka jikokin wancan kicin ɗin ne, kuma an auna su ne a kan girkin wasu. Wanda ya zana su bai san tuƙin tuwo ba. Ɗora babbar tukunya a kan kanta mai tsawon santimita 90, ka ba mace muciya, ka ga yadda kafaɗa za ta gaya mata. Shi ya sa za ka shiga gida an kashe maƙudan kuɗi a kicin, amma uwargida tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno da murhun gawayi. Ba ƙauyanci ba ne, jikinta ne ya yi lissafin da kafinta bai yi ba.

Don haka abin ɗauka a tarihin nan shi ne hanyar, kuma kayan aikin da su Gilbreth suka sha wahalar haɗawa suna cikin aljihunka. Da izinin mai girkin, jingine waya a kusurwa ka ɗauki bidiyon girki ɗaya daga farko har sauka. Ku zauna tare ku kalla. Zana ɗakin a takarda, ka ja layi duk inda ta bi, ka ƙirga sau nawa ta sunkuya, sau nawa ta fita ɗebo abu. Inda layi ya fi yawa, waɗannan wuraren ne za a kusanta da juna.

Sai ka tambaye ta abin da bidiyo ba zai nuna ba. A tsaye take son aiki ko a zaune? Mutum nawa ke shiga in ana azumi ko biki? In biyu ne, a bar fili kamar mita 1.2 tsakanin kanta da kanta. Ina turmi zai zauna, ina buhun shinkafa da na masara? In famfo ba kullum yake kawowa ba, kusurwar ruwa a gidanku jarka ce ko baho, a ba su wuri tun a zane. Tsawon kanta a auna shi da ita, ya zama ƙasa da gwiwar hannunta da kamar santimita 10 zuwa 15, a kuma yi wani murhun ƙasa-ƙasa domin manyan tukwane. Wuƙa, ashana da kalanzir su hau sama, kada a maimaita kuskuren Frankfurt.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi duka: iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, don haka bayan taga a bar mafita ta ƙasa, tukunyar gas ɗin kuma in da hali ta zauna a waje cikin inuwa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari mai kisa, kada a kai shi inda iska ba ta ratsawa.

Kafin ka tura wa kafinta hoto, tura masa takardar nan mai layuka da awon da kuka yi. Mu haɗu a rubutu na gaba.