Gyaran Gangar Auzinawa a Gonakin Lemon Fulorida

Mai karatu, zama a majalisa a tsara doka daban, fita daji a zartar da ita a gonar talaka kuma daban. Tarihin wani Ba'amurke mai suna Doyle Conner ya ishe mu misali.

An haife shi a 1928 a garin Starke na jihar Fulorida, jihar da ta yi suna wajen noman lemo. A 1950, yana ɗalibin jami'a ɗan shekara 21, mutanen yankinsu suka zaɓe shi ɗan majalisar jiha. Kafin ka ce kwabo, a 1957 ya zama kakakin majalisa yana da shekara 28. A 1961 ya hau kujerar kwamishinan aikin gona, wadda a can talakawa ke zaɓa da ƙuri'a, bai sauka ba sai 1991. Shekara talatin cif!

A wannan kujera ya ga abin da ba a gani daga majalisa. A 1966 wani yaro ya shigo Miyami da manyan dodon koɗi guda uku daga Hawai, kakarsa ta sake su a lambu. Wasa wasa suka haihu suka wuce 18,000, suna cinye shuka. Sai a 1975 aka ga bayansu, bayan an kashe kimanin dala miliyan ɗaya. Darasin da ma'aikata suka ɗauka shi ne, a kashe wuta tun tana ƙarama.

To, a 1984 sai aka ga tabo a ganyen dashen lemo a wani wurin renon itatuwa. Aka ɗauka tsohuwar cutar gyambon lemo ce, wadda aka sha wuya kafin a kawar da ita a 1933. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ma'aikatar Conner ta sa aka bi wuraren reno ana ƙonawa, har dashe kusan miliyan 20 suka zama toka, da mai tabo da lafiyayye. Daga baya masana suka gano ashe wata cuta ce mai sauƙi, ba waccan muguwar ba.

Masu dashe ba su haƙura ba, suka garzaya kotu. A 1988 babbar kotun jihar ta yanke cewa in gwamnati ta ƙona lafiyayyen dashe don kare jama'a, dole ta biya mai shi diyya.

Ba mu ce Conner mugu ne ba. Da cutar ta gaskiya ce ya yi sanyin jiki, da shi za a zaga. Amma in za a yi asara don amfanin kowa, kada a ɗora ta a wuyan mutum guda. Conner ya rasu a 2012. Kai da ke neman kujera, ka tuna ashana na hannunka, gonar kuwa ta wani ce.