Jiucai da Ciwon Mafitsara: Me Tsofaffin Littattafan Sin Suka Ce?

Jiucai ganye ne dangin albasa, mai kama da lawashi, amma ƙanshinsa na tafarnuwa ne. Sinawa sun shafe fiye da shekara 2,500 suna amfani da shi, domin tsohon kundin waƙoƙinsu, Shijing, ya ambace shi cikin kayan hadaya tare da ɗan rago. A yau ana tallata shi a matsayin maganin ciwon mafitsara, ana kafa hujja da wannan daɗaɗɗen tarihi. Sai dai tarihin bai goyi bayan masu tallar ba.

A shekarar 1578 masanin magunguna Li Shizhen ya kammala kundinsa Bencao Gangmu, wanda aka buga a 1596 da bayanin magunguna 1,892. A ciki ya lissafa ƙwayar irin jiucai cikin magungunan yawan fitsari, fitsarin kwance da zubar maniyyi. A fahimtar likitocin zamaninsa, waɗannan larurori na tasowa ne idan ƙoda ta yi sanyi ta kasa riƙe ruwa, jiucai kuwa mai ɗumi ne, yana maido mata da ƙarfi.

Fitsari mai zafi da raɗaɗi yana da babinsa daban. Sun kira shi lin, suka danganta shi da zafi da danshi da suka taru a mafitsara, suka yi masa magani da abubuwa masu sanyaya jiki. Shahararren haɗin da ake ba mai wannan ciwo tun zamanin daular Song, wato Bazheng San, babu jiucai a cikinsa. A ƙa'idarsu, ba mai zafi abu mai ɗumi ƙara masa ciwo ne.

Nan ne mai karatu Bahaushe zai iya ruɗewa, domin abin da Hausawa ke kira ciwon sanyi, zafi ne a wajen Sinawa. Sanyin da jiucai ke magani wani ne daban.

A 1885 likitan yara Theodor Escherich ya gano ƙwayar cutar E. coli, wadda daga baya aka tabbatar ita ke haddasa mafi yawan ciwon mafitsara. Idan aka bar ta, tana iya haurawa zuwa ƙoda, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai juna biyu. Jiucai abinci ne mai kyau, amma wanda fitsari ke yi wa zafi, gwaji a asibiti da maganin kashe ƙwayoyin cuta yake bukata.